Wa'adin da Babu Ruwa a Cikinsa

Duk wanda ya san zaman ƙasar Tasawa da Mayahi ya san cewa shekara tana da watanni masu nauyi, tun daga sa'ad da rumbu ya fara nuna gindinsa har zuwa ranar da za a yanki sabon hatsi, kuma a cikin waɗannan watanni, da magidanci yake noma gonarsa da rabin ciki, abin da ke riƙe da gidaje da yawa a ƙauyukan Gulbin Kaba shi ne littafin mai kanti, inda ake rubuta tiya biyu ta hatsi, da gishiri, da sabulu, a bisa alkawarin sai kaka. Ma'aikacin gwamnati kuwa nasa alkawarin sai ƙarshen wata, in albashi ya sauka. Idan mai kantin mai tsoron Allah ne, abin da aka rubuta shi za a biya, ko an cika wa'adi ko an gota shi da mako uku. Saboda haka jinkirta biyan abin da aka saya tsohon abu ne a wurinmu, mun riga bankuna saninsa.

To, ga shi yanzu fatakenmu da ke zuwa Dubai da Sin, da 'ya'yanmu da ke karatu a Faransa da Amurka, suna komowa da labarin wani kati da banki yake bayarwa, wanda mutum zai yi sayayya da shi alhali ba shi da ko dala a asusunsa, a kuma ce masa babu ruwa a kansa. Yawancin katunan da ke hannun mutane a Nijar na cire kuɗin da mutum ya ajiye ne, kuma wannan babu wata magana a kansa. Wancan na bashi ya samo asali daga Amurka, inda kamfanin Diners Club ya fito da nasa a 1950, sannan Bank of America ya biyo baya a 1958 da katin da daga baya aka kira Visa. Yadda yake aiki shi ne, banki yana biyan mai kaya nan take, bayan ya cire ɗan kamasho daga hannunsa, sa'an nan ya tara duk abin da mai kati ya saya a cikin wata guda ya aika masa da lissafi, ya kuma ƙara masa wasu kwanaki kafin ranar biya. A Amurka dokar 2009 ta ce kada kwanakin nan su kasa 21. A Ingila an saba ganin wa'adin duka ya kai kwana 56 ga wanda ya yi sayayya a farkon watan lissafi. Wanda ya biya dukan abin da ke kansa kafin ranar, ba a ƙara masa ko sisi. Wanda ya biya rabi kuwa, ko ya makara, wa'adin ya ɓaci, ruwa ya hau, sau da yawa tun daga ranar da ya sayi kayan, a kan ƙimar da takan wuce kashi 20 cikin ɗari a shekara, kuma ruwan da ba a biya ba yakan shiga cikin uwar kuɗi ya haifi nasa. Wanda ya ciri tsabar kuɗi da katin galibi ba shi da wa'adi ko na yini guda.

Mas'alar da ke gaban malamai ke nan: shin ya halatta Musulmi ya sa hannu a kan yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin riba, in ya ƙudura a ransa cewa zai riƙa biya a kan lokaci, har sharaɗin ba zai taɓa aiki a kansa ba?

Masu sauƙaƙawa suna da hujjar da ba ta cancanci raini ba. Suna kawo ƙissar Barira, baiwar da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta so ta saya ta 'yanta, iyayengijinta suka gindaya sharaɗin cewa wala'inta, wato haƙƙin da mai 'yantawa yake da shi a kan wanda ya 'yanta, nasu ne, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce ta da ta ci gaba da cinikin, domin sharaɗin ɓatacce ne, ba shi da wani tasiri. Suka ce haka nan sharaɗin ruwa yake: ɓatacce ne a shari'a, cinikin kuwa ya inganta, kuma mutum bai ci riba ba, bai ciyar da ita ba. Amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar da irin wannan kati ko a yi mu'amala da shi ba muddin an sharɗanta ruwa, ko da mai neman katin ya yi niyyar biya a cikin wa'adin. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da wannan hukunci, domin a ƙissar Barira akwai hukuma a Madina da ta isa ta soke sharaɗin, alhali wanda ya makara a yau kotu za ta tilasta masa biyan ruwan har ƙarshensa, kuma mazhabarmu ta Malikiyya, wadda ta shahara da toshe kafar ɓarna tun kafin a kai gare ta, ba ta saba dogara ga niyyar mutum a kan gobe da ba ya riƙe da ita ba. Mutumin da ya ga 2005, shekarar da fara da ƙarancin ruwa suka sa buhun hatsi ya ninka kuɗinsa a kasuwannin jihar Maraɗi, har masu rufin asiri suka sayar da bisashensu da arha, ya san nisan da ke tsakanin niyyar biya da ikon biya.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan damuna, wanda ban cika jin ana ambatarsa ba. A cikin Suratul Baƙara, a aya ta 280, nan take bayan ayoyin da suka haramta riba, Allah Maɗaukakin Sarki ya yi umurni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ya kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Jinkiri a wurin shari'a haƙƙin mai ƙunci ne. Mawadaci kuwa jan ƙafarsa wajen biya zalunci ne, kamar yadda ya zo a hadisi. Katin bashi ya juya wannan tsari baibai, gama yana ba da jinkiri kyauta ga wanda kuɗinsa ke ajiye, wanda ba ya bukatar jinkirin, sa'an nan ya janye shi daidai ranar da mutum ya shiga ƙunci, ranar da yaro ya kwanta ciwo ko kaya suka tsaya a hanya. Wannan kuwa ita ce surar ribar jahiliyya da Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, inda mai bin bashi, in wa'adi ya cika, yake bai wa wanda ake bi zaɓi tsakanin ya biya ko a ƙara masa kuɗi a ƙara masa lokaci. Sa'an nan wanda yake alfaharin cewa shi bai taɓa biyan ruwa ba, ya kamata ya tambayi kansa ko wa ke ɗaukar nauyin kyautar da yake ci, tun da banki ba gidan sadaka ba ne: wani ɓangare daga kamashon 'yan kasuwa yake fitowa, wanda su kuma suke zubawa a cikin farashi, babban ɓangare kuwa daga aljihun waɗanda suka makara.

Ban ce babu larura ba. Ɗalibi ko matafiyi a ƙasar da ba a ba da hayar mota ko masauki sai da irin wannan kati, wanda kuma bai sami wani madadi ba, yana da uzurin da malaminsa zai auna masa gwargwadon bukatarsa, kuma bankunan Musulunci sun fitar da katunan da ake biyan ƙayyadadden ladan aiki a kansu, wanda ba ya ƙaruwa da girman bashi ko tsawon lokaci.

Sai dai bai kamata mu zargi na nesa mu manta da abin da ke faruwa a kasuwanninmu ba. Akwai attajirin da yakan ba manomi buhun hatsi a tsakiyar damina a kan ya mayar da buhu da rabi ko biyu da kaka, kuma ba ya kiran wannan ruwa, taimako yake kiransa. Alhali Risala da yaranmu ke karantawa a zaure ta hana rancen da ke jawo amfani, kuma abinci da abinci irinsa ba a musanya su da fifiko ko da jinkiri. Hanyar halal tana nan a buɗe, wato cinikin salam: a biya manomi kuɗi duka a hannu, a ambaci irin hatsi ko wake da yawan tiyoyin da zai kawo, a sa wa'adi sananne, wanda Malikiyya suka yarda ya zama lokacin girbi, a kuma rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umurni. In kaka ta zo gonar ba ta yi ba, mai kuɗi ya jira wata shekara ko ya karɓi kuɗinsa yadda ya bayar, ba tare da ya ƙara tiya ɗaya a kan abin da aka rubuta ba.