Aljani Gaskiya Ne, Amma Wa Ya Ce Shi Ne?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci abin da muke gani da abin da ba ma gani. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi wata kalma da ta yi mana sauƙi a baki, wato "iska ce" ko "jifa ne". Zan fara da laifin kaina kafin in taɓo na kowa.

Abin da ya faru a ajina

Wata rana da yamma muna cikin hadda, sai wata ɗalibata 'yar shekara goma sha biyu ta sulale ta faɗi, jikinta na karkarwa, kumfa na fita a bakinta. Yara suka watse da gudu, wai kada yawunta ya taɓa su. Ni malamarsu, mai takardar kwaleji, kalmar farko da ta fito daga bakina ita ce, "Aljanu ne!" Da mahaifiyarta ta zo, abin da na faɗa mata ke nan, ita kuma ta ɗauka tunda malama ce ta faɗa.

Shekara biyu aka yi ana yawo da yarinyar nan. An yi hayaƙi, an yi yanka, an sayar da akuya, akwai ma inda aka zane ta da bulala wai ana dukan aljani. Daga ƙarshe wani mai magani ya ce jifa ne, kuma daga cikin gida yake. Kun san inda ido ya koma: kan kishiyar uwarta. Auren baiwar Allahn nan ya mutu a kan maganar da babu shaida ko ɗaya.

Sai da wata gwaggonta ma'aikaciyar jinya ta matsa aka kai ta asibiti. Aka auna ta, aka ce farfaɗiya ce, aka ɗora ta a kan ƙwayoyin da za ta riƙa sha kullum. Yau yarinyar ta sauke Alƙur'ani, kuma ta daɗe rabonta da faɗuwa. Amma zumuncin gidan nan har gobe bai ɗinku ba, ni kuma ina ta istigfari a kan kalmar da na furta ba tare da sani ba.

Abin da ba mu musu a kai

Kada wata ta ce malama ta musanta aljanu. A'uzu billahi. Sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi. Sihiri da kambun baka sun tabbata a nassi, ruƙiyya ta shari'a kuma sunna ce. 'Yar'uwar da ta yi boko har ta kai ga yi wa waɗannan abubuwa dariya, ta binciki imaninta, domin ma'aunin asibiti ba a yi shi don auna gaibu ba.

Sai dai akwai tazara tsakanin maganganu biyu. "Akwai aljanu" imani ne, kuma Allah ne ya ba mu labari. "Aljani ne ya kayar da wance" ko "wance ce ta yi jifa" da'awa ce ta ɗan Adam, kowace da'awa kuwa tana bukatar hujja. A Suratul Isra'i, aya ta 36, an hana mu bin abin da ba mu da ilimi a kansa, aka kuma sanar da mu cewa za a tambayi ji da gani da zuciya. A Suratul Hujurat, aya ta 6, an umarce mu da bin diddigin labari kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Wallahi kamar da gidan ɗalibata ake magana.

Malamanmu na farko sun bar ƙofofin biyu a buɗe. Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya kasa farfaɗiya gida biyu, wadda ke da alaƙa da miyagun ruhohi da wadda tushenta ke cikin jiki, wadda ita ce fagen likitoci. To mu yaya aka yi muka rufe ƙofa ɗaya muka jefar da makulli?

Darasin kusufin rana

A shekara ta 10 bayan Hijira, ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, rana ta yi kusufi. Mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Ku duba fa, magana ce da ke ɗaukaka darajar ɗansa, kuma yana cikin zafin rashi. Duk da haka bai bar ta ta wuce ba. Ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su kusufi, ya kuma umarce su da salla da addu'a. Buhari da Muslim duk sun kawo hadisin.

Darasin shi ne, faruwar abu biyu a lokaci guda ba ya nufin ɗaya ne ya jawo ɗayan. Maƙwabciya ta shigo barka da safe, jariri ya yi zazzaɓi da dare, sai a ce mayya ce. Sauron da ya kwana yana cizonsa fa? A watan Janairun 2001, da wata ya yi kusufi, wasu matasa a Maiduguri sun fita ƙone-ƙone da sunan zunubin mutane ne ya jawo. A ranar 29 ga Maris 2006 kuwa, rana ta yi kusufi har gari ya yi duhu a wasu sassan Nijeriya da Nijar, alhali masana taurari sun riga sun faɗi ranar da sa'ar tun da daɗewa. Ba gaibu suka sani ba, lissafi suka yi a kan tsarin da Allah ya ɗora rana da wata a kai.

Abubuwan da muke jingina wa iska

Farfaɗiya hargitsewar saƙonni ce a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Ba a ɗaukarta ta yawu. Idan mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta ko ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. In karkarwar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Matar da 'ya'yanta ke rasuwa a jere ana ce mata mai wabi, wani lokaci kuwa sikila ce. Idan miji da mata duk jininsu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Gwajin jini kafin aure ya fi sauƙi a kan hawayen shekaru.

Mai ciki da ta kama jijjiga da taune-taune, galibi hawan jini ne ya kai ta ga haka, kuma akwai allurarsa a asibiti. Duk mintin da aka ɓata ana turare, da ranta da na jaririn ake wasa.

Dannau ma da muke tsoro yana da bayani. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan saki gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. In ya farka kafin gaɓoɓin su dawo, sai ya ji kamar an danne shi. Ki karanta Ayatul Kursiyyu kamar yadda aka koyar da mu, ki kuma samu isasshen barci.

A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, da yawansu bayan jijjiga. Da aka auna jininsu da ƙasar gidajensu, sai aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinari da ake daka wa a cikin gida. Da an tsaya a kan "iska ce", da ba a kwashe ƙasar ba, da kuma ba a ceci dubban da suka rage ba.

Tambayoyi uku kafin ki yarda

Na farko: wa ya faɗa, kuma ta yaya ya sani? Duk wanda ya ce aljani ne ya gaya masa sunan wadda ta yi asiri, ki tuna Suratu Saba'i, aya ta 14. Annabi Sulaimanu (AS) ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu na ta wahalar aiki ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Wanda bai san mutuwar da ke gabansa ba, shi zai san abin da ke zuciyar kishiyarki? Ga kuma gargaɗin da Muslim ya ruwaito, cewa mai zuwa wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Na biyu: an duba sababi na zahiri? In ma likita ya ce bai gano komai ba, wannan ba shaida ce ta aljani ba. A nemi wani likitan, a ci gaba da addu'a. "Ban sani ba" amsa ce ta masu ilimi.

Na uku: wa zai amfana, wa zai cutu? In amsar ta zo da kuɗin baƙin rago ga mai magani, da baƙin jini ga wata tsohuwa ko kishiya, to a yi hattara. Haka saƙon murya da ake turowa ta WhatsApp, kada ki tura shi gaba don kawai ya tayar miki da tsikar jiki.

Kammalawa

'Yan'uwa, mu ne ke jinya a gida, mu ake fara tambaya idan yaro ya faɗi. Azkar ɗin safe da yamma da Falaƙi da Nasi kada su bar bakinmu, katin asibiti kuma kada ya bar jakarmu. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, kuma shi ya ba mu hankalin nemansa. Wadda ta san ta taɓa ɗora wa wata maita ko jifa ba da hujja ba, ta je ta nemi gafararta tun ana numfashi, domin haƙƙin mutum istigfari kaɗai ba ya goge shi. Ni na je, kuma ban ji daɗin tsayuwar ba, amma ta fi mini tsayuwar gobe kiyama sauƙi.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya tsare mu daga sharrin mutum da aljan, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne.