Gada Ta Karye: Ƙaddara Ce Ko Cin Amana?



Ya ku 'yan'uwa, ga wata tambaya. Idan gada ta karye da direban babbar mota a kanta, alhakin ransa yana wuyan wa?

Ran 1 ga Agusta 2007, wata gada ta rufta cikin kogin Misisipi a birnin Miniyapolis na Amurka. Mutum 13 suka mutu, 145 suka ji rauni. Da aka bincika, sai aka tarar wasu daga cikin farantan ƙarfen da ke riƙe gaɓoɓinta, kaurinsu rabin abin da ya kamata ne, tun daga zanen farko. An buɗe ta 1967, watau shekara 40 tana ɗauke da wannan aibi. Ana nan kuma aka riƙa ƙara mata kankare, ranar da abin ya faru ga yashi da tsakuwa an jibge a kanta. Haka nan ran 14 ga Agusta 2018 gadar Morandi ta faɗi a Janowa ta Italiya, mutum 43 suka halaka, bayan tsatsa ta daɗe tana cin wayoyin ƙarfenta.

To, wani zai ce ai kwanansu ne ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai wuce ajalinsa. Amma fa ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. In da tana wankewa, da ɓarawo ma sai ya ce an rubuta masa sata.

Ku dubi direban nan. Kafin ya tashi ya duba taya, ya duba birki, ya duba mai. Iyakarsa ke nan. Ba shi da ikon leƙa cikin gada. Ya hau ne don ya amince da mutanen da bai taɓa gani ba: mai zane, ɗan kwangila, da mai dubawa da ya sa hannu. Wannan ita ce amana. Wanda ya rage ƙarfe don riba, da wanda ya ga tsaga ya kau da kai, duk sun ci ta, ko da gadar ba ta faɗi a zamaninsu ba.

Kai ma mai mota, kada ka ce ba ruwanka. Lodin da ka ɗora fiye da ƙa'ida yana cin gadar kaɗan-kaɗan, wata rana ta karye da wani bawan Allah da ya bar yara a gida.

Kowa ya gyara aikin da ido ba ya gani, domin za a tambaye shi. Allah Ya kiyashe mu da ɗaukar alhaki, amin.