GARGAƊI GA MATASA A KAN SAYEN WAYAR DA AKA KULLE

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, musamman kai da kake zaune a Ɗorayi kana sammako zuwa kamfani a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ga wata mas'ala da ya kamata ka tsaya ka dube ta da idon basira. An kawo maka waya ta hannu a majalisa, ko a bakin kamfani ranar da aka yi biya. Kai kanka ka san irinta a kasuwar Farm Centre ba za ta gaza naira 200,000 ba, sai aka ce kawo 60,000. Babu kwali, babu rasit, babu caja. Aka ce maka ai 'yar matsalarta kaɗan ce, a kulle take, amma akwai yaron da zai buɗe ta. Ba ka tambayi inda ta fito ba, ka ƙirga kuɗi ka bayar. To, shin akwai laifi a kanka, alhali kuwa ba ka saci kome ba, kuma ba wanda ya gaya maka ta sata ce?

Ka sani cewa asali a shari'a, abin da ke hannun mutum nasa ne, kuma ba a ɗora maka binciken asalin kowane kaya da ka gani a kasuwa ba. Da an ɗora mana haka da ciniki ya tsaya. Sayen kayan hannu halal ne, talaka kuwa da shi yake rufa wa kansa asiri. Amma fa wannan sauƙi yana nan ne matuƙar babu wata alama da ta bayyana. Waya kuwa ba kamar keke ko rediyo ba ce, domin ita da kanta takan faɗi ko ta wane ce. Kulle ɗin nan da ka gani a jikinta magana ce take yi maka.

Kulle kuwa iri-iri ne. Akwai wanda kamfanonin layi na ƙasashen waje, kamar na Amurka, suke sa wa wayar da suka sayar, domin kada ta karɓi layin kowa sai nasu, mai ita yana biya kaɗan-kaɗan har shekara 2 ko 3. In ya gama biya yana iya neman a buɗe masa. Irin wannan tana iya zama tsarkakakkiya, mai ita ne ya sayar da abinsa bai nemi a buɗe ba. Nan hukuncin na aibi ne, watau wajibi ne mai sayarwa ya bayyana maka. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa a cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya tarar da jiƙaƙƙen an ɓoye shi a ƙasa, ya kuwa yi masa gargaɗi mai tsanani a kan algus. Wanda ya maƙala wa sim wani ɗan abu domin sabis ya kawo na kwana biyu har ya karɓe kuɗinka, shi da mai abincin nan ɗaya suke, kuma kana da ikon mayar masa da kayansa.

Akwai kuma wadda aka karɓa bashi ba a biya ba. A nan gida ma yanzu akwai kamfanonin da ke ba da waya a riƙa biya duk mako ko duk wata, in aka daina biya su kulle ta daga ofishinsu. Wannan akwai haƙƙin wani rataye a wuyanta.

Na ƙarshe shi ne mafi muni. Kowace waya tana da lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, in ka danna *#06# za ta fito. Idan an sace waya a ƙasashen da suka tsara abinsu, sai mai ita ya kai rahoto a sa wannan lamba a baƙin littafi, ba za ta sake karɓar layi a can ba. Shi ya sa ake tsallakawa da su ƙasashen da wannan littafi bai kai ba. 'Yan sandan London sun ce an sace waya kimanin 80,000 a birninsu a shekarar 2024, mafi yawa kuma ƙasar waje aka fitar da su. Sa'an nan tun 2013 kamfanin Apple ya sa wa iPhone kullen da ba ya buɗuwa sai da kalmar sirrin mai ita, Android ma ta biyo baya a 2015. Mai waya na gaskiya, in zai sayar, cikin minti biyu yake cire sunansa a gabanka. To wanda ya ce wayarsa ce amma bai san kalmar sirrinta ba, ka taɓa ganin mai gida da ke shiga ɗakinsa ta taga kullum?

Nan ne fa asalin maganar take. Akwai bambanci tsakanin wanda bai sani ba da wanda bai so ya sani ba. Na farko ya duba iyakar iyawarsa aka yaudare shi, wannan Allah ba Ya kama shi da zunubi. Na biyu kuwa tambayar ta zo har bakinsa ya haɗiye ta. Don me ya haɗiye? Domin yana tsoron amsar za ta raba shi da arahar. To ai wanda ke tsoron amsa ya riga ya san ta. Zuciyarsa ta yanke hukunci, harshensa ne kawai ya ajiye "ban sani ba" domin ranar da za a tambaye shi. Wannan kalma wataƙila ta yi aiki a gaban mai unguwa, amma ina za ta kai ka a gaban Wanda Ya san abin da zukata ke ɓoyewa? Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a kan shubuha ya kwatanta mai kusantarta da makiyayin da ke kiwo a gefen hurumi. Kai kuwa da ka ga alama uku ko huɗu ka runtse ido, ka wuce gefe, dabbobinka suna tsakiyar gonar mutane.

Wani zai ce, malam, ai ta Bature ce, ko ta kamfanin da ba zai ma san ta ɓace ba. Subhanallahi! Wa ya gaya maka dukiyar wanda ba musulmi ba ta halatta da sata ko yaudara? Bukhari ya kawo labarin Mugira ɗan Shu'uba, wanda kafin ya musulunta ya ha'inci abokan tafiyarsa mushirikai ya kwashe dukiyarsu, sa'an nan ya zo Madina. Annabi ya karɓi musuluncinsa, amma ya ƙi taɓa dukiyar, saboda ta ha'inci ce.

Kuma ma mu bar London mu dawo gida, domin galibin wayar da ake miƙo maka a lungu ba ta taɓa hawa jirgi da sata ba, a nan aka ƙwace ta. Kai ɗan Ɗorayi ba sai an ba ka labari ba. Ka san yadda mutum ke tura wayarsa cikin wando in magariba ta yi, ka san fargabar wanda ya tashi aikin dare zai ratsa lungu, ka san waɗanda aka soka wa wuƙa a cikin adaidaita sahu, wasu sun warke da tabo, wasu an kai su makwanci. Abin ya kai har a 2023 gwamnatin Kano ta ce za a ɗauki ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Yaron da ya zare wuƙa ba wayar yake so ba, kuɗi yake so, kuma ba zai zare ba sai don ya tabbata kafin gari ya waye akwai mai saye. Mai filashin da ke goge ta, da dillalin da ke cin la'ada, da kai mai biya, ku ne kasuwarsa. Allah Ya hana taimakekeniya a kan saɓo da zalunci a farkon Suratul Ma'ida, Hausawa ma sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. Kaico, wataƙila wanda aka soka ɗin nan abokin aikinka ne a Challawa, wanda ya yi wata shida yana zuba adashi kafin ya saye ta.

Idan kuwa irin wannan waya tana hannunka a yanzu, to ka sani ciniki bai mayar da ita taka ba, domin wanda bai mallaki abu ba ba ya iya mallaka wa wani. Malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan haka, suna kiransa istihƙaƙi: in mai kaya ya zo da hujja zai ɗauki abinsa ba tare da ya biya ka ko kobo ba, kai kuma ka koma kan wanda ya sayar maka ka nemi kuɗinka. A dokar ƙasa ma karɓar kayan sata da sani laifi ne mai kai mutum gidan yari, kuma in 'yan sanda suka bi sawun waya, wanda ya sa layinsa a ciki shi suke fara tararwa, tun da an haɗa layi da lambar ɗan ƙasa daga ƙarshen 2020. Ka nemi mai ita ka mayar, ko ka kai wa hukuma. In ka yi iyakar nema ba a same shi ba, malamai sun ce ka yi sadaka da ƙimarta a madadinsa.

Nan gaba in za ka sayi ta hannu, ka je da rana, a shago sananne. Ka danna lambar IMEI ka gwada da ta jikin kwali ko rasit. Ka sa mai ita ya cire sunansa, ya goge ta, ya sake kunna ta a gabanka, ka sa layinka ka yi kira. Sa'an nan a rubuta takarda, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta yi umurni da kafa shaida a ciniki: sunansa, da lambar wayar, da kuɗin, da kwanan wata, da shaidu biyu. In ya ce sauri yake yi ba zai tsaya sa hannu ba, ka miƙa masa wayarsa, ka mayar da kuɗinka aljihu.