In An Haifi Zabiya, Laifin Wa Ne?

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowar wani suna ne da aka gayyace mu raɗawa shekarun baya, a nan cikin Kwadon. Mun isa da sassafe, an shimfiɗa tabarmi, ga goro ga dabino, amma gidan shiru kamar ana zaman makoki. Kafin mu zauna sai uban jaririn ya ja mu gefe ya ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan fa fari ne fat, zabiya ne. A danginmu kaf babu irinsa. Iyayena sun ce in bincika." Kowa ya san abin da ake nufi da bincike a irin wannan wuri. Maijego na ɗaki, kwana bakwai da haihuwa, ana yi mata shari'a a zaure ba ta sani ba.

To, bari mu fara da abin da likitoci suka tabbatar, don ba a yanke hukunci kafin a san abu. A jikin kowannenmu akwai wani sinadari da ake kira melanin. Shi ke ba fata da gashi da ido launinsu, shi ne kuma laimar da ke kare fata daga zafin rana. Zabiya mutum ne da jikinsa ba ya yin wannan sinadari, ko yana yin kaɗan ƙwarai. Ba kuturta ba ce, ba a ɗauka ta cin abinci tare ko musabaha, kuma babu abin da ya taɓa hankalinsa.

Yadda ake gadonsa kuwa, mu nan ba baƙon lissafi ba ne a wurinmu, domin mun san sikila. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma in ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Irin zabiyancin da muke gani a ƙasarmu haka yake tafiya. Sai uba ya ba da ƙwayar gadon, uwa ma ta ba da, sannan a haifi zabiya. In ɗaya ne kawai ya bayar, yaron zai fito da launin iyayensa yana ɗauke da abin a ɓoye, ya miƙa wa 'ya'yansa, su miƙa wa jikoki, har a yi shekara ɗari ba a ga zabiya a zuri'ar ba. Shi ya sa maganar "babu a danginmu" ba hujja ba ce. Akwai, ba ta samu abokiyar haɗuwa ba ne sai yanzu. Auren zumunci da muke yawan yi yana ƙara yiwuwar haɗuwar, tunda kaka ɗaya ne ya raba wa ɓangarorin biyu. A kuma lura, gwajin jini da ake yi kafin ɗaurin aure na sikila ne, ba ya nuna wannan.

Kun ga ke nan, mutumin da ya tsaya yana tuhumar matarsa, rabin abin daga jikinsa ya fito. Kuma ba sabuwar tuhuma ba ce. A Bukhari da Muslim an ruwaito labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo wa Manzon Allah (SAW) da damuwar cewa matarsa ta haifi yaro baƙi. Annabi bai ce a kira matar ba. Raƙumansa ya tambaye shi launinsu, sannan ya tambaye shi ko a cikinsu akwai wanda ya fita daban. Mutumin ya ce akwai, ya kuma faɗa da bakinsa cewa wataƙila gado ne daga can baya ya jawo shi. Aka ce masa to ɗansa ma haka, ba a ba shi damar kore yaron ba. Wannan muka karanta wa uban a zaure, muka kuma tuna masa nauyin ƙazafi. Ya yi shiru, aka yanka rago.

Amma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya ba ranar suna ba ne, abin da ke biyo baya ne. Mun lura da wani hali namu mai ban mamaki. Launin yaron, wanda babu hannun kowa a ciki, shi muke nema wa mai laifi: a ce uwar ta fita da tsakar rana tana da ciki, ko ta yi wa wani zabiya dariya, ko aljanu suka yi musanya. Shi kuwa abin da ke hannunmu dumu-dumu, shi muke jingina wa ƙaddara. A tura yaro gonar tumatur ko tallan kayan miya a bakin titin Biu cikin bazara, lokacin da zafin Gombe ke haura digiri 40, babu hula babu doguwar riga. Fatarsa ta ƙone, ta yi tabo, a ce ai gishiri ya ci. Gishiri bai yi komai ba, rana ce. Tabon nan ne yau da gobe ke zama gyambon da ba ya warkewa, wato kansar fata, wadda ke kashe zabiyoyi da yawa a Afirka tun suna da ƙuruciyarsu. In ya rasu sai mu ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne kwana ya ƙare, amma za a tambaye mu malafar da ba mu saya ba. Mu 'yan kasuwa mun san kuɗin malafa bai kai na kwandon tumatur ɗaya ba.

Haka batun ido. Rashin sinadarin nan yana hana ido ginuwa sosai, shi ya sa za ka ga idon zabiya yana rawa, haske na damunsa, ba ya hango nesa. A aji in aka ajiye shi baya, allo hazo ne kawai a wurinsa. Malami ya ce daƙiƙi ne, yara su bi shi da "Bature, Bature", shekara biyu ya bar makaranta. Mu ma masu karantarwa a Islamiyya ba mu kuɓuta ba, sau nawa muka ɗaga bulala a kan yaron da baƙin ne bai gani ba?

A wasu ƙasashen jahilcin ya wuce nan. A Tanzaniya an kashe zabiyoyi ana sayar da sassan jikinsu don tsafin neman dukiya, har a 2015 gwamnati ta haramta sana'ar bokayen da ke haddasa abin. Wannan ta'asa na cikin dalilan da suka sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar zabiya ta duniya, aka fara a 2015, kuma 'yar Najeriya, Ikponwosa Ero, aka fara naɗawa ta sa ido a kan haƙƙinsu. A gida kuma Jake Epelle, wanda shi ma zabiya ne, ya kafa gidauniyar Albino Foundation a 2006. Kada mu yi saurin yabon kanmu. Wanda ya je neman aure aka ce masa "a yi haƙuri" ba don addininsa ko halinsa ba, wadda aka ƙi sayen ƙosanta, sun san abin da muke yi musu.

Abin da ake buƙata ba shi da yawa. Riga mai dogon hannu da malafa, aikin inuwa daga hantsi zuwa la'asar, man kariyar rana ga mai hali, tabarau bayan likita ya duba ido. In an ga ƙurji ko miki ya ƙi warkewa, kada a tsaya shafe-shafe, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Wanda ke da shago kuma yana neman yaro, ga wanda inuwar shago ta fi kowa amfana.

Yaron da muka raɗa wa suna ya isa shiga aji ɗaya bana. Uban nasa, wanda a da ya so a bincika, shi ya zo shagonmu makon jiya yana neman yadi mai kauri da za a ɗinka masa rigar makaranta mai dogon hannu. Mun yi alkawarin ranar da za a kai shi za mu bi su, mu roƙi malamin ajin ya ba shi bencin gaba, nesa da taga.