Haya Mai Araha, Wa Ke Biyan Cikon?

'Yan uwa mazauna Agege, duk sanda mai gida ya ƙara kuɗin haya, sai mu ji wani cikinmu ya kwashe iyali ya koma Mowe, Ibafo ko Sango Ota a jihar Ogun. Ba mu ga laifinsa ba, haya a can da sauƙi.

Amma akwai lissafin da ba mu cika yi ba. Mai sana'a a Idumota ko Obalende, in ya ci awa 2 zuwa, awa 2 dawowa cikin cunkoso, awa 4 ke nan kullum. A kwana 6, awa 24. Wato duk mako yini guda da darensa na tafiya a cikin danfo, ban da kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafin mai a 2023.

To, awannin nan namu ne mu kaɗai da za mu sayar? Mu fita kafin asuba yara na barci, mu dawo bayan isha'i sun yi barci. Wa ya duba allonsu? Uwargida ta wuni ita kaɗai inda ba dangi. A yi jana'izar maƙwabci, sai dai mu ji a waya.

Ba mu ce a zauna inda aljihu bai kai ba, wani dole ce ta kore shi. Amma kafin mu miƙa kuɗin ejan, mu zauna da masu biyan cikon, mu ji ta bakinsu. Haƙƙinsu ne, kuma za a tambaye mu.