DA ƊAN GARI KAN CI GARI: DARASI DAGA TARIHIN DAMARGU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya haramta zalunci, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya 'yan uwa, akwai wata tambaya da ta dace mu yi wa kawunanmu: idan mai bindiga ya mamaye ƙasa, mene ne wajibin talakan ƙauye wanda bai mallaki komai ba sai hauya da rumbun gero? Kakanninmu na Damargu, ƙasar da a yau ta haɗa Tanut da Balbeji, sun gamu da wannan tambaya ido da ido.

A shekarar 1899 sojojin Faransa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, kuma a ƙarshen wannan shekara rundunar Furo da Lami ta gangaro daga Abzin, ta ratsa Damargu. Ƙasar ta ja hankalinsu domin ita ce rumbun Abzin, kuma ta cikinta ayari ke bi tsakanin Kano da Agadas. Musa, shugaban Abzinawan Imuzurag, ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi a Tanamari a 1900. A 1901 aka kafa bariki a Jajiduna, sai lanho da aikin tilas da ƙwacen raƙuma da gero suka biyo baya. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta tarar da mutane a wannan hali. Kawusan, haifaffen Damargu, ya kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, sannan aka fi ƙarfinsa; ramuwar da ta biyo baya ba ta bar ko malaman birnin ba.

To, a gaban wannan ƙarfi jama'a sun kasu uku. Akwai waɗanda suka zare takobi. Akwai waɗanda suka yi ƙaura, suka tsallaka iyaka domin guje wa lanho da aikin tilas. Mafi yawa kuwa sun zauna, suka biya abin da aka ɗora musu, suka riƙe sallarsu da allon 'ya'yansu. Mai gaggawar hukunci zai ce na farko kaɗai ne jarumawa. Mu ba mu ce haka ba. Malamai sun karantar da mu cewa gusar da ɓarna hawa uku ne, da hannu, da harshe, da zuciya, kuma ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Ko a Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira har ya yi shahada a Burmi, Waziri Buhari kuwa ya zauna domin kada a bar jama'a ba makiyayi, kuma dukansu da hujjarsu.

Amma sauƙin da shari'a ta yi yana da iyaka. Baƙon soja bai san rijiya ba, bai san inda aka ɓoye raƙuma ba, bai san sunan wanda ya gudu ba. Sai wani ya nuna masa. Shi ya sa Hausawa suka ce da ɗan gari kan ci gari. Wanda aka ɗora wa kaya da bulala ya ɗauka, ba shi da laifi, shi ne ma aka zalunta. Wanda kuwa ya nuna rumbun maƙwabcinsa domin a ƙyale nasa, ko ya kai tsegumi domin a ba shi rawani, wannan ya zama hannun azzalumi. Wani zai ce: ai shi ma tsoro ne ya sa shi, yana da iyali. Gaskiya ne, kuma Allah ne masanin zukata. Sai dai malamai sun haɗu a kan cewa tilas ba ta halatta wa mutum ya fanshi ransa da jinin ɗan uwansa, domin ransa bai fi na wancan daraja ba.

An soke aikin tilas a 1946, mulkin Faransa ya kau a 1960, amma tambayar tana nan. Duk ranar da mai makami, ko wane ne shi, ya nemi mu nuna masa gidan wani, ko mai iko ya nemi shaidar zur a bakinmu, mun tsaya ke nan inda kakanninmu suka tsaya. Ba kowa ke iya tare zalunci ba, amma kowa na iya ƙin zama jagoransa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare hannayenmu da harsunanmu daga taimakon azzalumai, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.