WAI SHIN WA YA KAMATA YA KAUCE?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, tambaya zan yi maka, kuma kada ka yi gaggawar ba ni amsa. Idan mutum biyu suka haɗu a hanyar da ba za ta ɗauke su tare ba, wa ya kamata ya kauce wa wani? Da yawanmu za mu ce ai ƙarami ne zai kauce wa babba. Wani kuma ya ce a'a, wanda ya riga zuwa shi ke da hanya. To ni dai dokar tuƙi ta wani birni mai nisa ce ta sa na sake tunani a kan wannan magana.

Birnin shi ne Melbon, a ƙasar Ostireliya. A can akwai wani irin jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira tiram. Da lantarki yake aiki, kuma dogonsa a shimfiɗe yake a tsakiyar kwalta, ita dai kwaltar da motoci da bas-bas suke bi. Tsawon layukansa ya kai kamar kilomita 250, babu birnin da ya kamo shi a duk duniya. To tunda hanya ɗaya ce ta haɗa su, dole aka tsara wa direbobi yadda za su zauna da shi.

Ga kaɗan daga cikin dokokin. Idan tiram ya tsaya a inda fasinjoji za su sauka a kan kwalta, mai mota zai ja birki a bayansa, ba zai motsa ba sai an rufe ƙofofi kuma mutane sun gama tsallakawa. Ko bayan haka, in dai jirgin yana tsaye, ba zai wuce shi da gudun da ya fi kilomita 10 a awa ba. Na biyu, su a hannun hagu suke tuƙi, amma a wasu mararraba na tsakiyar birnin, wanda zai karya dama ba ya tsayawa a tsakiya don kada ya tare dogo. Sai ya raɓe can gefen hagu, ya jira danjar titin da zai shiga ta ba da hannu, sannan ya karya. Na uku, idan bas mai ɗauke da alamar a ba ta hanya ta kunna sigina za ta tashi daga tasha a cikin gari, na bayanta zai dakata mata.

Na san wani zai ce, "Haba malam! Ai wannan fin ƙarfi ne kawai aka sa wa rigar doka." Kuma yana da abin kamawa. A shekarar 2011 kamfanin da ke tafiyar da jiragen ya yi ta yaɗa hoton karkanda, yana gargaɗin jama'a cewa nauyin tiram ɗaya ya kai na karkanda 30. Wa zai ja da wannan?

Amma mu duba da kyau. Shi wannan ƙaton ba shi da sitiyarin kaucewa, inda dogo ya nufa nan zai bi. Ƙafafunsa na ƙarfe ne a kan ƙarfe, ba sa cafkar ƙasa kamar tayar roba. Direbansa zai iya hango ka sarai, amma babu yadda zai yi, in kuma ya taka birki da ƙarfi, fasinjojin da ke tsaye su ne za su zube. Kai kuwa mai ƙaramar mota, dama taka ce, hagu ma taka ce. Ashe ke nan an ɗora nauyin kaucewa a kan wanda yake da halin kaucewa ne.

Sannan ga maganar yawa. Manyan jiragen nan ɗaya yakan ɗauki mutum 210, alhali sau da yawa mai mota shi kaɗai ne a cikin motarsa. In ka tare shi na minti ɗaya, ka ci wa jama'a minti 210, wato awa uku da rabi. A wace kasuwa ake irin wannan ciniki?

Abin da ya fi gamsar da ni kuwa shi ne dokar farko. Wa ake tsayawa dominsa? Tsohuwa ce da sandarta, ko yaro ɗan makaranta da ya diro bai duba ba. Da fin ƙarfi ne, ai su za a ce su jira mota ta wuce.

Ban ce babu ciwo a ciki ba. Wata rana kai ne mai uzuri na gaskiya, ƙila mara lafiya ka ɗauko, ga doka ba ta san uzurinka ba. Wannan asara ce, kada mu ɓoye. To amma in aka ce kowa ya auna uzurinsa da kansa, wa ka taɓa gani ya ce nasa ƙarami ne? Kuma kai da ke riƙe da sitiyari yau, gobe ɗanka ne zai sauko daga jirgin, direban da ke baya kuma ba ka san shi ba. Hausawa suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Don haka amsata ita ce, wanda ke da sarari shi ya kamata ya kauce. Mu kan juya abin a zamanmu na yau da kullum, mai hali ya tsaya ƙyam, wanda aka ƙure shi ake cewa ya yi haƙuri. Mai bin bashi da ke da na cefane, da wanda ake bi da ba shi da ko na koko, wa ya fi iya jira?

Saboda haka ɗan'uwa, duk ran da hanya ta haɗa ka da wani, a mota ne ko a wata harka, kafin ka tambayi wa ya fi girma, fara duba a hannun wa sitiyari yake. In a hannunka yake, to ka murza.